Fitar haske daga siraran wayoyin silikon

Siraran wayoyin silikon zaruruwa ne da kaurinsu bai wuce 'yan nanomitoci ba, waɗanda ke iya fitar da hasken da ido ke gani. Dunƙulen silikon ba ya yin haka sosai, domin giɓin makamashinsa, kimanin ilektron-bolt 1.1, ba na kai tsaye ba ne, kuma ɗan hasken da yake bayarwa infared ne.

Idan kaurin zaren ya gaza nanomita 5, ilektron yakan rasa sararin walwala, sai giɓin ya faɗaɗa. Wannan shi ake kira ƙuntatawar kwantum. Gwargwadon sirancewar zaren, gwargwadon gajarcewar zangon hasken.

Arthur Uhlir da Ingeborg Uhlir ne suka gano silikon mai ƙofofi, wanda ya ƙunshi irin waɗannan siraran zaruruwa, a Bell Labs na Amurka a shekarun 1950. A 1990, Leigh Canham ya nuna a Malvern ta Ingila cewa irin wannan silikon da aka zaizaye da asid na haidurofulorik yana fitar da jan haske ba tare da an sanyaya shi ba. Iskar oksijin da ke manne wa fatar zaren ma tana sauya launin.