Tarihin ɗan akwatin bincike na burauza, da yadda aka ƙwace maka zaɓi

Yau tarihi za mu ɗan taɓa, amma ka karanta har ƙarshe, akwai abin gwadawa.

Idan ka buɗe burauzar wayarka ka rubuta kalma a sama, kai tsaye Google take kai ka. Da yawanmu mun ɗauka haka aka halicce ta. To ba haka ba ne. Wannan akwatin kamar tasha yake, kowace mota tana iya lodi a cikinsa, kuma asali kai ne mai zaɓar motar.

Labarin ya faro ne a 1998, lokacin da Apple ya fitar da wata manhaja mai suna Sherlock a kwamfutocinsa. Dabarar mai sauƙi ce: ɗan ƙaramin fayil da ke faɗa wa manhajar adireshin da za ta aika tambaya a wani shafi, da yadda za ta karanto amsa. Mutanen Mozilla suka ari tsarin, 'yan sa-kai suka riƙa tara irin waɗannan fayiloli a wani rumbu da suka kira Mycroft (sunan yayan Sherlock Holmes a labaran ɗan binciken nan na Ingila, ka ji barkwancin masu kwamfuta). Da Firefox ta farko ta fito a Nuwambar 2004, ga akwatin bincike a gefen dama, kana iya ƙara duk shafin da ka ga dama.

A 2005 sai A9, wani reshe na Amazon, ya kawo OpenSearch. Nan ne abin ya yi daɗi. Mai shafi zai saka layi ɗaya a shafinsa, burauza da kanta ta gane cewa akwai injin bincike a nan. Internet Explorer 7 da Firefox 2 duk sun karɓe shi a Oktoban 2006. Har maɓalli mai shafi yake iya sakawa, ka latsa sau ɗaya, shafinsa ya shiga jerin injinanka.

Mu a nan lokacin muna zamanin kafe ne da Nokia mai Opera Mini. Wanda ya yi rajistar JAMB ko ya je duba sakamakon WAEC a kafe a shekarun nan zai tuna: ka buɗe burauza, rabin fuskar kwamfutar duk layukan tarkace, ka rubuta tambaya ta kai ka wani injin da ba ka taɓa jin sunansa ba, cike da talla, lokacin da ka saya kuma yana ta tafiya. Su Babylon da Conduit da Ask ke nan, suna maƙalewa a jikin manhajojin kyauta su sauya injin bincike ba da sanin mai kwamfuta ba. Ko da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, wannan annoba tana tashe.

Wannan cin zarafin ya sa masu burauza suka fara toshe ƙofofi. Chrome da Firefox duk sun kashe maɓallin nan na latsa sau ɗaya. Hujjarsu tana da ƙarfi, ban musa ba. Amma akwai kuɗi a maganar. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google, an bayyana cewa a 2021 kaɗai kamfanin ya biya sama da dala biliyan 26 don ya zama injin da ake tararwa a wayoyi da burauzoji, kuma a Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya yi babakere ba bisa doka ba. Ba a biyan irin wannan kuɗin sai don an san yawancinmu ba ma taɓa saitin.

Me ya shafe ka kai da ke Kurfi ko Dutsin-Ma? Ka tuna Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, har da namu biyun, sai a Disamba aka fara dawo da su. Ɗalibi ya hau mota ya je inda akwai sabis, mintoci kaɗan gare shi. A irin wannan hali ba ka da lokacin bi ta Google, ka jira, ka buɗe shafi, ka sake jira, sannan ka nemi akwatinsa. Ko yau da sabis ɗin ke hawa da sauka, data kuma ta yi tsada, kowane shafi da ka tsallake riba ne.

Ƙofar ba a rufe ta duka ba, ɓoye ta aka yi a saiti. A Chrome ta kwamfuta shiga Settings, sai Search engine, sai Manage search engines and site search, ka latsa Add. Suna: Wikipedia Hausa. Gajeriyar kalma: ha. Adireshi:

https://ha.wikipedia.org/w/index.php?search=%s

Wannan %s ɗin shi ne gurbin da tambayarka za ta zauna. Yanzu rubuta ha a sama, ka danna Tab, ka rubuta Zobe ko Isa Kaita, ka ga inda za ta sauke ka. Mai Android kuma, Firefox tana karɓar wannan adireshin a ɓangaren Search na saitinta. Ga kowane shafi daban, yi bincike sau ɗaya a cikinsa, ka kwafi adireshin sakamakon, ka goge kalmar da ka nema, ka sa %s a wurinta.