Doguwar Mu'amala a Rumbun Bayanai

Doguwar mu'amala ita ce jerin gyare-gyare a rumbun bayanan kwamfuta da ke ɗaukar kwanaki ko watanni kafin a tabbatar da su. Ta sha bamban da mu'amalar banki, wadda ake gamawa cikin daƙiƙa: a kulle asusu, a cire kuɗi nan a zuba can, a buɗe. In abu ya katse, komai ya koma yadda yake.

Irin wannan kulle bai dace da zanen gine-gine da tsara gari ba, domin injiniyan da ya kulle taswirar unguwa mako uku ya tsayar da aikin kowa. A 1987 Hector Garcia-Molina da Kenneth Salem na Jami'ar Princeton a Amurka suka kawo tsarin saga: a yanka aikin gunduwa-gunduwa, kowane mataki da matakin da zai warware shi in an fasa. Masu taswira kuwa sun fi bin hanyar kwafi, kamar yadda manhajojin Smallworld da ArcGIS suke yi. Kowa ya ɗauki kwafinsa ya yi aiki, ba ya tare kowa, daga baya a gwada da uwar taswira a haɗe.

A Kano, buƙatar a fili take a unguwannin masana'antu na Bompai, Sharaɗa da Challawa, inda majemu ke fitar da gurɓataccen ruwa. Magudana ɗaya a Challawa za ta iya ratsa filayen da bayanansu ke hannun KANGIS, hukumar bayanan filaye ta jiha, ta gifta layin wutar kamfanin rarraba lantarki na KEDCO, ta taɓa ginin da ke jiran amincewar hukumar tsara birane ta KNUPDA. Kafin injiniya ya gama zanensa, mai awon fili yana iya gyara iyakar fuloti, sai magudanar ta faɗa cikin harabar wata masana'anta.

A nan ne wuyar aikin take. Kwamfuta tana nuna inda gyara biyu suka ci karo, amma ba ta san wanda ke da gaskiya ba. Dole tun farko a ayyana jami'in da zai yanke hukunci, in ba haka ba gyaran wanda ya zo ƙarshe zai shafe na farko ba tare da kowa ya sani ba, kuma a harkar fili wannan babbar ɓarna ce. Gwargwadon daɗewar kwafi a gefe, gwargwadon yawan saɓanin, shi ya sa ake son a riƙa daidaita shi da uwar taswira a kai a kai. Ana kuma adana tarihin kowane gyara, da sunan wanda ya yi da ranar, don a samu hujja in rikicin iyaka ya taso.