Tarihin Wikipedia

Wikipedia kundin ilimi ne na kyauta a intanet, wanda masu sa kai daga sassan duniya suke rubutawa suna kuma gyarawa. Jimmy Wales da Larry Sanger ne suka buɗe shi a Amurka ranar 15 ga Janairu, 2001.

Asali

A shekarar 2000 Wales ya kafa wani kundi mai suna Nupedia, ya ɗauki Sanger babban edita. Masana ne ke rubutu a cikinsa, kuma kowace maƙala sai ta bi matakai bakwai na tantancewa. Aikin ya yi tafiyar hawainiya: har aka rufe shi a 2003, maƙalun da aka kammala ba su kai 30 ba. Ana cikin wannan jinkiri suka jarraba fasahar wiki, wadda Ward Cunningham ya ƙirƙiro a 1995, mai ba kowane mai karatu damar gyara shafin da ke gabansa nan take. Haka aka haifi Wikipedia: da aka buɗe ƙofa ga kowa, maƙalu sun kai wajen 20,000 cikin shekara guda.

Yadda aikin yake

Abin da ya hana kundin rikicewa shi ne ƙa'ida. Dole a kawo madogara, a guji son rai, kada kuma mutum ya cusa binciken kansa. Duk gyaran da aka yi yana ajiye, don haka ɓarna ba ta da wuyar warwarewa. Inda aka saɓa, akwai shafin tattaunawa har a cimma matsaya. Gidauniyar Wikimedia, wadda aka kafa a 2003, ita ke riƙe da na'urori da kuɗin gudummawar jama'a, ba tare da talla ba.

Gwaji da bunƙasa

Shekarar 2005 ta zo da darasi. An gano ƙarya a tarihin ɗan jarida John Seigenthaler, abin da ya sa sashen Turanci ya hana marasa rajista buɗe sabon shafi. A Disambar shekarar, mujallar Nature ta kwatanta maƙalun kimiyya 42 na Wikipedia da na kundin Britannica, ta samu kusan kurakurai huɗu a kowace maƙalar Wikipedia, uku a ta Britannica. Sashen Turanci ya cika maƙala miliyan ɗaya a Maris 2006. Yau kundin yana da maƙalu fiye da miliyan 60 a harsuna sama da 300, har da Hausa.

Muhimmanci

Wikipedia ta tabbatar cewa mutanen da ba su san juna ba, ba a biyan su ko sisi, suna iya gina abin amfanin kowa idan akwai ƙa'ida da amana. Giɓin da ya rage shi ne ƙarancin rubutu kan Afirka da harsunanta. Cike shi yana hannun malamai da ɗalibai da duk mai littafin da zai kafa hujja da shi.