Alamomin Aiki a Harsunan Manhaja Masu Tsarin Abubuwa

Alamar aiki wata 'yar alama ce, irin su + ko ==, da mai rubuta manhaja ke amfani da ita don umurtar kwamfuta ta sarrafa ƙima ɗaya ko biyu ta fitar da sakamako. A harsuna masu tsarin abubuwa, inda ake haɗa bayanai da ayyukansu wuri guda a kira su "abu", ma'anar alamar tana rataye ne a kan irin abin da ta faɗa wa. Tsarin abubuwa ya samo asali daga harshen Simula 67, wanda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka ƙirƙira a ƙasar Norway.

Ire-irensu

Akwai na lissafi (+, -, *, /, da % mai ba da ragowar rabawa), na kwatance (<, >, ==), na hukunci (&&, ||, !), da = mai ajiye ƙima. Akwai kuma ɗigo, wanda da shi ake shiga cikin abu a kira aikinsa. Alamar ++ tana ƙara ɗaya, kuma daga ita harshen C++ na Bjarne Stroustrup ya sami sunansa a 1983.

Wanne ke gaba

A C++ da Java da Python ninkawa tana gaban tarawa, don haka 2 + 3 * 4 yana ba da 14. A Smalltalk kuwa, wanda Alan Kay da abokan aikinsa suka gina a Xerox PARC cikin shekarun 1970, alamar saƙo ce da ake aika wa abu, ana bi daga hagu zuwa dama, sai amsar ta zama 20. Rabawa ma da bambanci: 7 / 2 a Java 3 ne, a Python 3 kuwa 3.5.

Yadda abu ke ba alama ma'ana

A ɗauki manhajar sito ta wata masana'anta a Dakata ko Sharada. Mai rubutu zai iya gina aji, wato samfurin da ake yin abubuwa da shi, mai suna Nauyi, mai ɗauke da kilo da giram. A Python sai ya rubuta aiki mai suna __add__ a cikin ajin. A C++ sunansa operator+. Daga nan, duk sanda aka rubuta a + b, wannan aikin ake kira. Kilo 2 da giram 700, a haɗa da kilo 1 da giram 500, sai a sami kilo 4 da giram 200. Idan aka yi kuskuren tara nauyi da naira, ajin zai iya ƙin karɓa tun kafin ɓarnar ta shiga littafin ciniki.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wajen daidaito. Buhu biyu masu kilo 50 a sito a Bompai nauyinsu ɗaya, amma ba buhu ɗaya ba ne. A Java, == a kan abubuwa tana tambaya ko abu guda ake nufi, equals kuma ke duba abin da ke ciki idan ajin ya tanadi hakan. A Python, is ce ke tambayar farko, == ta biyu.

Saɓanin masana

Java, da kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1995 ƙarƙashin jagorancin James Gosling, bai yarda mai rubutu ya sauya ma'anar alama ba, ko da yake + ɗinsa tana haɗa kalmomi. Dalilin shi ne gudun ruɗani, domin a C++ alamar << ta matsar da ƙwayoyin lamba ita ce kuma ke tura rubutu zuwa allo. Masu goyon bayan sauyin suna ganin lissafin kuɗi da awo ya fi karantuwa da shi. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a bar + a kan abin da mai karatu zai gane a matsayin tarawa, sauran ayyuka kuma a ba su suna a fili.