Sallar Nowel da almajirancin Kirista

Ya kai mai karatu, in kana da maƙwabci Kirista, ka san ranar 25 ga Disamba yake sallarsa. A Nijar ana kiran ta Nowel, a Najeriya kuwa Kirsimeti. Ranar hutu ce a ƙasarmu. A ranar Kirista ke tunawa da haihuwar Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, a garin Baitalami. Linjila ba ta faɗi ranar haihuwar ba. A birnin Roma aka soma riƙon wannan rana, cikin ƙarni na 4. Yawancin Kiristan Masar da Habasha sai 7 ga Janairu suke tasu.

Ido dai sabon ɗinki yake gani, da akushin shinkafa da ake aika wa maƙwabta. Amma ka lura da wata kalma. Cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakke a 1932, mabiyan Yesu almajirai ake ce musu. Almajiri kuwa ba ya sauke karatu rana ɗaya. Shi ya sa daren 31 ga Disamba masu bi ke taruwa a majami'a, suna godiya, kowa na binciken zuciyarsa: na ciyar da mai yunwa? Na yafe wa wanda ya cuce ni?

Yafewar nan ita ce darasi mai wuya. A Janairun 2015, mako uku bayan Nowel, an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai. Shugabannin Kirista suka roƙi jama'arsu kada su rama.