Caroline Lucas: kujera ɗaya cikin 650

A Birtaniya, ƙaramar jam'iyya tana iya tara ƙuri'a miliyan guda ta tashi da kujera ɗaya tak, domin a kowace mazaɓa wanda ya zo na farko shi ke kwashe kome, babu zagaye na biyu. Cikin wannan tsari ne Caroline Lucas ta yi siyasarta.

An haife ta a garin Malvern a shekara ta 1960, ta shiga jam'iyyar Green ta masu kare muhalli a 1986, lokacin da ake yi wa ƴaƴanta kallon masu mafarki. A 1999 aka yi zaɓen majalisar Turai bisa rabon kujeru gwargwadon ƙuri'u, sai ta samu shiga. Amma majalisar dokoki ta Landan ta kasance a rufe. Dabarar da jam'iyyar ta yi ita ce tattara ƙarfinta wuri guda, wato mazaɓar Brighton Pavilion da ke bakin teku. A can ne Lucas ta ci zaɓen 2010 da ratar ƙuri'a 1,252 kacal.

Shekara 14 ta yi ita kaɗai da sunan jam'iyyarta cikin ƴan majalisa 650. Ko a 2015, da Green ta samu ƙuri'a fiye da miliyan, kujerar ba ta ƙaru ba. Wanda ba shi da rinjaye kuwa sai ya nemi wata hanyar da za a ji shi. A 2013 ƴan sanda suka kama ta a ƙauyen Balcombe, inda ta zauna tare da masu adawa da fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa don tatsar man fetur da iskar gas. Kotu ta wanke ta a 2014.

Abin da ya fi bambanta ta shi ne yadda take sakin muƙami. Ita ce shugabar jam'iyyar ta farko a 2008, ta sauka a 2012 domin wasu su fito a san su. Ta dawo a 2016 tare da Jonathan Bartley, ta sake sauka a 2018. A 2024 ma ba ta tsaya takara ba, alhali ratarta ta kusa 20,000 a zaɓen 2019.

Masu shakka sun ɗauka kujerar ta Lucas ce, ba ta jam'iyya ba. Zaɓen 2024 ya ba su amsa: Siân Berry ta riƙe Brighton Pavilion, Green kuma ta shiga majalisa da wakilai 4.