Yadda Malamin Kafa Kasuwanci Ya Sami Kujera a Jami'a

A watan Fabrairun 1947 wani malami mai suna Myles Mace ya buɗe sabon kwas a Makarantar Koyon Kasuwanci ta Jami'ar Harvard a Amurka, kan yadda ake kafa sabon kamfani da yadda ake tafiyar da shi. Ɗalibai 188 suka shiga, da yawansu sojoji ne da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu suna neman abin yi na kansu. Masu bin tarihin wannan fanni galibi daga nan suke fara lissafi. Abin lura shi ne tun ranar farko ajin a cike yake, amma sai da aka ɗauki sama da shekara talatin kafin matashin malami ya iya cewa wannan ne fanninsa, a kansa zai yi rubuce-rubuce, a kansa zai zama farfesa, ba tare da abokan aikinsa sun yi masa kallon wanda ya ɓata hanya ba. Wannan tazara ita ce ainihin tarihin sana'ar. Cikar aji ba ta taɓa tsayar da wani fanni da ƙafafunsa a jami'a ba. Fanni yana tsayawa ne ranar da aka sami mutanen da abincinsu da ƙarin girmansu suka rataya a wuyansa, waɗanda idan fannin ya mutu su ma sun tashi a tutar babu.

Hujjar farko tana nan cikin Harvard ɗin kanta. A 1948 masanin tarihin tattalin arziki Arthur Cole ya kafa cibiyar binciken tarihin masu kafa kasuwanci da tallafin Gidauniyar Rockefeller, shekara guda bayan haka cibiyar ta fara fitar da mujallarta. Ba ta rasa manyan kawuna ba. Joseph Schumpeter, mutumin Ostiriya da tun 1911 ya rubuta cewa mai kawo sabon salon sarrafa kaya ko sabuwar kasuwa shi ne ke motsa tattalin arziki, yana jami'ar a lokacin, kuma yana da hannu a lamarin har rasuwarsa a 1950. Matasa irin su Alfred Chandler da David Landes sun ratsa ta wurin. Duk da haka a 1958 aka rufe cibiyar. Dalilin da ya fi ƙarfi, a ganina, shi ne kowa a cikinta baƙo ne mai gidan komawa. Masanin tarihi sashen tarihi ne ke ba shi digiri da aiki, masanin tattalin arziki kuwa sashensa ya riga ya karkata ga lissafi, inda ake ƙaddara cewa kamfani na'ura ce da ke auna farashi ta yanke hukunci, babu wurin mutumin da ya yi kasada ya kafa shi. Har a 1968 William Baumol yana kokawa cewa nazarin tattalin arziki ya kori babban ɗan wasan daga cikin wasan. Chandler ya yi suna da tarihin manyan kamfanoni, Mace da kansa ya koma nazarin hukumomin daraktocinsu, ita ma mujallar cibiyar daga baya aka sauya mata suna ta zama ta tarihin tattalin arziki baki ɗaya. Babu wanda ya ci amanar kowa. Kowa ya bi inda ake ba da aiki ne.

Sai kuma abin da ya ƙara dagula lamarin. A 1959 aka fitar da rahotanni biyu kan makarantun koyon kasuwanci na Amurka, ɗaya da kuɗin Gidauniyar Ford, ɗaya da na Carnegie, duka biyun suka ce makarantun sun zama wuraren koyon sana'a kawai, tsofaffin manajoji na ba ɗalibai labarin yadda suka yi aiki, babu bincike mai zurfi. Gyaran da ya biyo baya ya ɗaga darajar makarantun: aka ɗebo masu digirin digirgir a tattalin arziki da ƙididdiga da nazarin halayyar ɗan Adam, aka mayar da wallafa maƙala a mujallar da masana ke tantancewa ma'aunin ƙarin girma. Amma darasin kafa kasuwanci shi ya fi kama da abin da ake ƙoƙarin kora, domin labari ne da misali da ziyarar ɗan kasuwa cikin aji. Don haka aka bar shi a hannun malaman wucin gadi, ko aka ɗora wa wani a matsayin ƙarin kaya kan aikinsa na asali. Matashin da ke da shekaru shida ko bakwai ya nuna kansa kafin a tabbatar masa da aiki, wauta ce gare shi ya zuba ƙarfinsa a fannin da ba shi da mujallar da kwamitin ƙarin girma ya san sunanta. Ko Peter Drucker da ya koyar da irin wannan kwas a Jami'ar New York tun 1953, sunansa ne ya ɗauki darasin, darasin bai ɗauke shi ba.

Bangon ya tsage ne daga waje. A 1979 David Birch na cibiyar MIT ya fitar da rahoton da ya ce kamfanoni masu ma'aikata 20 ko ƙasa da haka su suka samar da kusan kashi biyu cikin uku na ƙarin ayyukan yi a Amurka tsakanin 1969 da 1976. Rahoton ya zo a lokacin da manyan masana'antun ƙarfe da na motoci ke sallamar ma'aikata, 'yan siyasa a Amurka da Birtaniya kuwa suna neman abin kamawa, nan take suka rungume shi. Attajiran da suka yi kuɗi ta kafa kamfanoni suka fara ba jami'o'i waƙafi don a kafa kujerun farfesa da sunansu. A kan irin wannan kujera, wadda Arthur Rock da Fayez Sarofim suka ɗauki nauyi, Howard Stevenson ya koma Harvard a 1982. Kwalejin Babson ta fara taron masu bincike na shekara-shekara a 1981, mujallar Journal of Business Venturing ta fara fitowa a 1985, babbar ƙungiyar malaman gudanarwa ta Amurka ta ba fannin cikakken reshe a 1987. A shekarar 2000 Scott Shane da Sankaran Venkataraman suka wallafa maƙala a ɗaya daga cikin manyan mujallun gudanarwa suna shata wa fannin iyaka: nazarin yadda damar kasuwanci ke samuwa, da wanda ke gano ta, da yadda ake cin moriyarta. Jerome Katz da ya yi ƙidaya a 2003 ya sami kwasa-kwasai sama da 2,200 a makarantu sama da 1,600 a Amurka, da kujeru 277 masu waƙafi. Daga nan ne ɗalibi ya iya yin digirin digirgir a fannin, ya je taro, ya wallafa, a ɗauke shi aiki, shi ma ya yaye wasu. Ɗalibai sun daɗe suna nan. Tsanin hawa ne sabo.

Za a ce, kuma an daɗe ana cewa, wanda bai taɓa sayar da ko allura ba ta yaya zai koya wa wani kafa kamfani? Maganar tana da daɗin faɗa, kuma a kasuwa takan kashe baki. Amma ta haɗa ayyuka biyu da ba ɗaya ba ne. Attajirin da ya yi nasara tarihin mutum ɗaya ya sani, nasa, kuma yana ba da shi ne bayan ya ga ƙarshensa, ya manta rawar da sa'a ta taka, bai kuma san labarin mutum ɗari da suka bi sawunsa suka karye ba, domin su ba a gayyatarsu su yi lacca. Aikin mai bincike shi ne ƙirga waɗannan ɗarin. Ta haka aka gane cewa Birch ya yi rabin gaskiya ne: John Haltiwanger da abokan aikinsa sun nuna a 2013 cewa ƙuruciyar kamfani ce ke tafiya da samar da ayyuka, ƙanƙanta kaɗai ba ta isa ba, yawancin ƙananan shaguna haka suke tsufa ba su girma ba. Ta haka kuma wani bincike kan bayanan hukumar ƙidaya ta Amurka ya nuna cewa waɗanda suka kafa kamfanonin da suka fi saurin bunƙasa matsakaicin shekarunsu 45 ne, ba yaran da suka bar jami'a da fina-finai ke nunawa ba. Babu ɗan kasuwar da zai hango wannan daga cikin shagonsa. Kuma ba a rasa masu haɗa biyun ba. Saras Sarasvathy ta kafa kasuwanci iri-iri kafin ta yi digirinta a ƙarƙashin Herbert Simon, ta zaunar da gogaggun masu kafa kamfanoni 27 ta ba su matsala ɗaya suna warwarewa suna faɗin tunaninsu, ta gano cewa ba daga hasashen kasuwa suke farawa ba, daga abin da ke hannunsu da mutanen da suka sani da asarar da za su iya jurewa suke farawa. Duk wanda ya tashi kusa da fatake ya san haka a jikinsa, amma sai da wata ta rubuta shi a 2001 da hujja kafin ya shiga manhaja.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma mu Hausawa muna da dalilin yin ta: binciken nan ya sha yin kuskure da babbar murya. A 1961 David McClelland ya kawo ra'ayin cewa ci gaban al'umma ya dogara da yawan masu ƙishin cin nasara a cikinta, kuma ana iya auna wannan ƙishi. Robert LeVine ya kawo ma'aunin Nijeriya, ya tattara mafarkan ɗaliban sakandare ya tantance, a littafinsa na 1966 ya sa Ibo a sama, Yarbawa a tsakiya, Hausawa a ƙasa, ya danganta hakan da tsarin barantaka da biyayya ga ubangida. Wannan fa game da mutanen da suka yi ƙarnoni suna kai fatauci Gwanja suna dawowa da goro, a ƙasar da Alhassan Ɗantata ya rasu a 1955 yana cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Sai dai a dubi wanda ya gyara hoton. Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, littafinsa na 1969 ya bayyana yadda maigida da dillalansa ke riƙe cinikin shanu da goro na kuɗi masu yawa bisa bashi da amana, babu banki babu takardar yarjejeniya, wato ita dangantakar yaro da ubangida da aka ɗauka cikas ita ce jarin. Paul Lovejoy ya biyo da tarihin fataken goro a 1980. A cikin fannin kansa William Gartner ya rubuta a 1988 cewa neman wata ɗabi'a ta musamman a zuciyar ɗan kasuwa ɓata lokaci ne, a dubi abin da yake aikatawa. Mummunan bincike kyakkyawan bincike ne ya kayar da shi, kuma hakan ya yiwu ne saboda akwai mutanen da ake biya su karanta aikin juna su nemo kuskure.

Inda zan sallama wa masu suka shi ne farashin da aka biya. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: fannin da ya rayu da kyautar attajirai yana da wuyar faɗin cewa yawancin sababbin kamfanoni ba sa zuwa ko'ina, wanda kuma ya sami mutunci ta hanyar manyan mujallu ya koyi rubutun da ɗan kasuwa ba zai karanta ba. Sakamakon gwajin koyarwar ma bai cika faranta rai ba. Wani bincike a Holan da aka wallafa a 2010 ya sami cewa shirin da ake sa ɗalibai su kafa ƙaramin kamfani bai ƙara musu ƙwarewa ba, ya ma rage musu niyyar shiga kasuwanci. A Togo, gwajin da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa horon da ke koya wa ƙananan 'yan kasuwa zafin nama da neman mafita da kansu ya ɗaga riba da kusan kashi 30 cikin 100, horon gargajiya na ajiye lissafi da talla kuwa tasirinsa bai tabbata ba. Amma su waɗannan alƙaluma masu ɗaci, malaman jami'a da masu bincike ne suka fitar da su. Malamin wucin gadi mai awa biyu a mako ba shi da lokaci ko dalilin gwada ko darasinsa na aiki.

A 2006 gwamnatin tarayyar Nijeriya ta ba da umarni cewa daga zangon karatu na 2007/2008 kowane ɗalibin jami'a, ko me yake karanta, sai ya ɗauki darasin dogaro da kai ta hanyar kasuwanci, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa kuma ta sa aka buɗe cibiyoyi don haka. Cikin dare ɗaya aka sami irin ajin Myles Mace ninkin-ba-ninki, dubban ɗalibai a zaure guda, malaman kuma aro aka yi daga sassan akanta da gudanarwa da tattalin arziki, kamar baƙin cibiyar Cole, kowa ƙarin girmansa na jiransa a sashensa na asali. A wurare da dama darasin ya tsaya ga haɗa sabulu da kiwon kifi da ɗinki na 'yan makonni, abubuwa masu amfani, amma waɗanda mai sana'a a bakin kasuwa ya fi farfesa iya koyarwa. Ga Kantin Kwari da Dawanau da Singa a Kano, ga tsarin yaron shago da ake yaye shi da jari, ga adashe da cinikin mata a cikin gida, duk suna jiran wanda zai zauna shekara uku ya bi su da awo, kamar yadda Cohen ya yi a Sabo sama da shekara sittin da suka wuce. Majalisun jami'o'inmu su ware guraben aiki na dindindin da kuɗin bincike ga wannan fanni, kwamitocin ƙarin girma kuma su ƙirga irin wannan aiki na kasuwa a matsayin aiki, tun kafin a yaye wani sahun ɗaliban.